Me ya sa har yanzu Laser ake tsere da shi a Olamfik, kuma ina masu nauyi za su nufa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, na jinkirta ne don tambayar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kana karatu a kudancin Ingila, shekara biyu kenan da ka shiga kulob ɗin tseren kwale-kwalen iska na makarantarku, nauyinka kilo 93, kuma abu biyu ke damunka. Na farko ka ji an yi gwaji a 2019 wani sabon jirgi ya doke Laser a maki amma duk da haka aka bar Laser a gasar Olamfik, kana ganin kamar son kai ne. Na biyu kuma kana tambaya, mai jiki irin naka wane jirgi zai kama in yana son ya kai matakin duniya. Toh bari in faɗa maka abin da na sani, na yi shekaru ina tuƙa Laser kafin in koma koyar da matasa, kuma maganar nan ta daɗe tana cin raina.

Saboda 'yan'uwa masu karatu da ba su taɓa ganin abin ba, ɗan ƙaramin kwale-kwale ne da bai wuce mita huɗu da wani abu ba, babu inji babu filafilin tuƙi, sai dogon jigo a tsaye da ƙyalle guda ɗaya da iska ke turawa. Mutum ɗaya ne a ciki, hannu ɗaya na kan sandar juya jirgin, ɗayan riƙe da igiyar ƙyallen. Manyan jiragen iska suna da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsu da ke hana su kifewa, wannan ba shi da shi sam, jikinka ne ƙarfen. Za ka saƙala ƙafafunka a wani maɗauri a tsakiyar jirgin ka kwanta da baya a waje, ruwa na wucewa ƙarƙashin gadon bayanka, iska na tura ƙyallen gefe guda kai kuma kana danne jirgin ta ɗaya gefen. Haka za ka yi wajen minti hamsin a tsere ɗaya, wata rana tsere biyu ko uku.

To a nan duk maganar take. Ƙarfin da iska ke yi wa ƙyalle ba daidai da saurinta yake ƙaruwa ba, in saurin iska ya ninka biyu ƙarfin turin ninka huɗu yake. Abin da kake da shi na mayar da martani kuwa nauyinka ne da tsawonka, wato nisan da za ka iya fitar da kafaɗunka daga tsakiyar jirgin. In ƙyallen ya fi ƙarfin jikinka, da iska ta taso jirgin zai karkace, ya riƙa zamewa gefe, kana ji kana gani na kusa da kai su wuce. In kuma jikinka ya fi ƙarfin jirgin, ranar da iska ta kwanta ko lokacin da take bayanku jirginka zai nutse cikin ruwa fiye da nasu, masu ƙaramin jiki su hau kan igiyar ruwa su tafi kai kana nan. Shi ya sa duk ranar da hukuma ta zauna ta ce da jirgi kaza za a yi tsere, ta riga ta zaɓi irin jikin mutumin da zai ci zinare tun kafin a haifi wasu daga cikinsu. A damben zamani an fito fili an raba mutane aji-aji bisa nauyi, kowa ya san inda yake. Mu a wasanmu jirgin ne ke yin wannan rabon a ɓoye, kuma da yawan masu kallo ba su san haka ba.

Duba Laser ɗin da kake hawa. Gangar jikin ɗaya ce, tsawo mita 4.2, nauyi wajen kilo 59, amma ƙyalle iri uku ake ɗora mata. Babban murabba'in mita 7.06 ne, shi ake ce wa ILCA 7 yanzu, na maza a Olamfik, kuma in ka je gasar duniya ka duba na gaba-gaba za ka tarar kusan dukkansu tsakanin kilo 80 zuwa 85 suke, dogaye. Na tsakiya 5.76 ne, tsohon Radial, yanzu ILCA 6, na mata a Olamfik, shi kuma yana son wajen kilo 65 zuwa 72. Sai ƙaramin mai 4.7, ILCA 4, na yaran da suka baro Optimist, ƙaramin jirgin koyo na yara. Ka ga ƙofar ba ta da faɗi ko kaɗan.

Da can akwai ƙofa ta biyu, ita ce Finn, kuma sai ka san tarihinta kafin ka gane abin da aka rasa. Kafin 1952 kusan kowace ƙasa mai masaukin baƙi ita ke kawo nata ƙaramin jirgin, a 1936 O-Jolle aka yi amfani da shi a Kiel, a 1948 Firefly a Torbay can kusa da ku. Da za a yi gasar Helsinki sai aka nemi sabuwar ƙira, wani ɗan Suwidin mai suna Rickard Sarby ya zana Finn a 1949, mutumin sana'arsa gyaran gashi ce, ƙera kwale-kwale sha'awa ce kawai, kuma da kansa ya hau jirgin nasa a 1952 ya ci tagulla. Zinaren kuwa Paul Elvstrøm na Denmak ya ɗauka, ya riga ya ci a Firefly a 1948, ya kuma ƙara a Finn a 1956 da 1960, huɗu a jere kenan. Shi ne ya nuna wa duniya cewa wasan nan na ƙarfin jiki ne, ya haɗa benci a gida yana kwanciya da baya a kai yana tirenin lokacin sanyi, sauran suna jiran bazara. Finn ya zauna a Olamfik tun daga 1952 har gasar Tokiyo da aka yi a 2021, gasa 18 ba fashi, babu jirgin da ya yi wannan daɗewar a jere. Ƙyallensa ya haura murabba'in mita 10, gangar jikinsa ta haura kilo 100, masu tuƙa shi kuma kilo 90 zuwa 100 da ɗoriya ne, wato jikinka sak. Russell Coutts na Niyu Zilan a Finn ya ci zinare a 1984, hatta Jacques Rogge da ya shugabanci kwamitin Olamfik na duniya daga 2001 zuwa 2013 a Finn ya wakilci Beljiyam sau uku.

Wani abu ya faru a shekarun 1960 da zai taimaka maka gane na 2019. Hukumar duniya ta wancan lokacin ta ga kamar Finn ya tsufa, ta shirya gwaje-gwaje don neman magaji. Wani ɗan Ostiraliya, Bob Miller, wanda daga baya ya sauya suna zuwa Ben Lexcen har ya zana jirgin da ya ƙwace Kofin Amurka, shahararren kofin tseren manyan jiragen iska, a 1983, ya kawo Contender, jirgi ne da mutum ke rataye da waya daga jigo ya tsaya da ƙafafunsa a bakin jirgin gaba ɗaya jikinsa a waje. Ya ci gwajin, an ba shi matsayin ajin duniya a 1968, ya fi Finn gudu in akwai iska, amma har yau ɗin nan bai taɓa shiga Olamfik ba. Dalili kuwa ƙasashe sun riga sun sayi Finn, sun horar da mutane a kansa, babu mai son ya zubar ya fara daga farko. Cin gwaji daban, cin ƙuri'a daban, tun wancan zamanin.

Laser shi ba don Olamfik aka yi shi ba ma. Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana shi a 1969 suna magana a waya da abokinsa Ian Bruce, abin da suke so jirgi ne mai arha da mutum zai ɗora a saman mota ya tafi hutun ƙarshen mako, aka fito da shi kasuwa a baje kolin jiragen ruwa na New York a 1971. Ƙa'idarsa guda ɗaya ce ta ɗaukaka shi, ƙira ɗaya tak, duk abin da doka ba ta ce ka taɓa ba to haramun ne ka taɓa. Ba ka da ikon ɗinka ƙyallenka, ba ka da ikon sauya jigo. An ƙera sama da dubu 200, babu gaɓar tekun da za ka je ba ka tarar da wani tsohon Laser a kife a ƙarƙashin bishiya ba. Da ya shiga Olamfik a 1996 sai aka ci gaba da abin da ake yi a gasarsa ta duniya, masu shirya gasa ne ke kawo jirage sababbi fil iri ɗaya a raba wa 'yan wasa, kai dai ka zo da jikinka da kanka. Ka ɗauka ana sukuwa ne amma duk dawakin uwa ɗaya uba ɗaya, ƙarfi ɗaya, ka ga ba sauran maganar dokin wane ya fi, sai dai mahayi.

In kana son ganin abin da hakan ke haifarwa nemi tseren ƙarshe na Olamfik ɗin Sidni a 2000. Robert Scheidt na Birazil ya ci zinare a 1996, Ben Ainslie na Birtaniya yana ɗan shekara 19 ya zo na biyu. A Sidni lissafin maki ya nuna Ainslie ba zai ci ba sai Scheidt ya ƙare can baya, sai ya bar kowa ya tafi ya maƙale masa tun daga farawa, yana tare masa iska yana toshe masa hanya, duk inda ya juya yana gabansa, har sauran jirage suka yi musu nisa, a ƙarshe kuma alƙalai suka soke wa Scheidt tseren saboda karo da ya yi da shi, Ainslie ya ɗauki zinaren. Da jirgin Scheidt ya fi gudu ko da kaɗan ne da ya sulale ya tafi. Daga baya Ainslie ya koma Finn, sai da ya ƙara sama da kilo goma a jikinsa, ya ci zinare a 2004 da 2008 da 2012.

Yanzu batun 2019. Abin da ka ji gaskiya ne. A watan Maris na shekarar World Sailing, hukumar wasan ta duniya, ta tara jirage huɗu a Valencia ta ƙasar Sifaniya, Laser da RS Aero da Melges 14 da D-Zero, aka sa 'yan wasa maza da mata daga ƙasashe daban-daban suka hau kowanne. Rahoton masu tantancewa ya ba RS Aero kashi 80 cikin ɗari, Laser kashi 69, sauran biyun suna ƙasa da haka. Kwamitin kayan wasa ma Aero ya ce a ɗauka. Kuma wallahi jirgi ne mai kyau, na hau shi, Jo Richards ya zana shi ya fito a 2014, gangar jikinsa kilo 30 ce, rabin Laser, jigonsa na kabon ne, yarinya 'yar shekara 15 za ta ja shi daga ruwa ita kaɗai, da iska ta ɗan busa yake zabura. Amma da aka je babbar majalisar hukumar a Landan a watan Mayu, inda wakilan yankunan duniya ke jefa ƙuri'a, Laser ya samu 36 Aero ya samu 5.

Ni a ganina sun yi daidai, kuma ba don na girma a kan Laser nake faɗa ba. Ka sa kanka a matsayin sakataren hukumar wata ƙaramar ƙasa a Afirka ko tsibiran Karebiyan, duk abin da kuka mallaka Laser goma sha biyu ne da kuka tara a shekara ashirin, wasu kyauta wasu na hannu, a ce maka daga yau ba su da amfani ku sayo sababbi daga kamfani ɗaya a Ingila, ga kuɗin kontena ga kwastan, kuma babu na hannu a kasuwa tunda jirgin shekararsa biyar. Masu kuɗi za su sauya cikin wata shida, ku kuma za ku yi shekara goma kuna bin su a baya. Kwamitin Olamfik kuwa abin da yake ƙirgawa idan ya zo auna darajar wasa shi ne tutoci nawa ne a ruwa, kuma ƙa'ida jirgi ɗaya kowace ƙasa ke kawowa a kowane aji. A Marseille, inda aka yi tseren Olamfik na Faris a 2024, jirage 43 ne a ILCA 7, 43 a ILCA 6, babu ajin da ya kusa da su. Kuma ba cika layi kawai ƙananan ƙasashe ke yi ba. Pavlos Kontides ya ci azurfa a Laser a 2012, ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin Saifurus kaf, ya sake cin azurfa a 2024 bayan Matt Wearn na Ostiraliya, tagullar kuma ta tafi Peru hannun Stefano Peschiera. Daga nahiyarmu Allan Julie na Seychelles ya je Olamfik sau da dama a Laser, Deizy Nhaquile ta Mozambik ta je Tokiyo a Radial. Da tsohuwar zuma ake magani, a nan kam karin maganar ta zauna daram.

Amma ba kyauta aka ba Laser kujerar ba. Akwai ƙorafi mai ƙarfi a Turai cewa bai dace kamfani ƙalilan su riƙe ƙera jirgin Olamfik su kaɗai ba, don haka aka gindaya sharaɗi cewa duk maƙerin da ya cika ƙa'ida a ba shi lasisi bisa adalci. A daidai lokacin kuma ƙungiyar masu jirgin ta samu saɓani da kamfanin da ke riƙe da sunan Laser a Turai da wasu yankuna, shi ya sa aka ajiye sunan aka koma ILCA, jirgin dai shi ne. Yanzu ana ƙera shi a Ingila da Italiya da Polan da Tailan da Ajantina da Sin, ban da Japan da dama take yi tun da.

Kada kuma ka ɗauka ba na ganin laifinsa. Sandar ƙasan ƙyallen ta yi ƙasa da yawa, dogo irinka kullum sai ya sha ta a ƙeya kafin ya saba. Igiyar ƙyalle na maƙalewa a kusurwar bayan jirgin in za ka juya iska na bayanka, ta kifar da mutane ba adadi. Ƙyallen na saurin sakin jiki, ɗan wasa na gaske sai ya sauya sau da yawa a shekara, ka ga arhar tasa ma da sauran magana. Saman jigon alminiyam ya yi shekaru yana lanƙwashewa kafin a yarda da na kabon. Gwiwa da baya kuwa duk wanda ya daɗe a kai ya san abin da nake nufi.

Inda nake da ciwo shi ne cire Finn. Ga yadda aka yi. Kwamitin Olamfik ya ƙayyade wa wasanmu lambobin zinare goma, ya rage 'yan wasa daga 350 a Tokiyo zuwa 330 a Faris, ya kuma ce dole maza da mata su zo daidai a yawan mutane da yawan lambobi. A Tokiyo aji biyar na maza ne, huɗu na mata, ɗaya gauraye, kuma wanda ba shi da takwara a ɓangaren mata shi ne Finn, don haka tun farko wuƙar a wuyansa take. An fara kawo shawarar a haɗa namiji a jirginsa mace a nata a tara makinsu, da hakan ya tabbata da Finn ya tsira, sai a taron Sarasota na Amurka a watan Nuwamba 2018 aka ture wannan aka ce za a yi tseren babban jirgi na mutum biyu mace da namiji a cikin teku dare da rana. Shi ma kwamitin Olamfik ya ƙi shi a 2021 saboda tsada da tsaro da wahalar ɗauka a talabijin, aka raba tseren allo mai lema, wato allon da mutum ke tsayawa a kai wata babbar lema a sama tana jan shi da iska, gida biyu na maza da na mata aka cike gurbin. Ka ga an kori Finn saboda wani abu da ko sau ɗaya ba a yi shi ba.

Masu goyon bayan cirewar suna da hujja, ba zan ɓoye maka ba. A Finn kowa da nasa jirgin yake zuwa, jigon kabon ana ƙera shi daidai da nauyin mai shi, a ɗinka ƙyalle daidai da lanƙwasar jigon, mai kuɗi zai gwada jigo goma ya zaɓi ɗaya. Birtaniya ta ci zinaren Finn sau shida a jere, Iain Percy a 2000, Ainslie sau uku, Giles Scott a 2016 da Tokiyo, kuma jirage 19 kacal ne a Tokiyo, galibi daga Turai. Duk na yarda. Amma amsar matsalar tsada ita ce a tsaurara doka ko a raba jirage iri ɗaya kamar yadda ake yi a Laser, ba a rufe ƙofa ga duk namijin da ya haura kilo 85 ba. Na koyar da wani yaro da ya fi kowa iya karanta iska a cikin waɗanda suka taɓa biyowa ta hannuna, yana shekara 17 jiki ya zo masa, ya miƙe ya haura kilo 90 babu kitse ko kaɗan, ya yi shekara guda yana yi wa kansa horon yunwa don ya zauna a ILCA 7, ƙarfinsa ya ragu, karatunsa ya taɓu, daga ƙarshe ya ajiye. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da Finn na nan da yanzu ƙila sunansa kake ji.

Mata ma irin wannan ta same su, ba a dai cika faɗa ba ne. Daga 1992 zuwa 2004 jirginsu Europe ne, ɗan ƙarami mai mita 3.35 da kilo 45, shi ma ana daidaita jigonsa da nauyin mai shi, saboda haka mace mai ƙaramin jiki na iya sa jigo mai laushi ta yi gogayya da wadda ta fi ta girma. Tsada ta sa aka sauya shi da Radial daga 2008. Ƙasashe sun ƙaru sosai, Xu Lijia ta Sin ta ci tagulla a 2008 da zinare a 2012, Marit Bouwmeester ta Holan ta ci a 2016 da 2024, Anne-Marie Rindom ta Denmak a Tokiyo, amma macen da ba ta kai kilo 60 ba, wanda haka da yawan matan Asiya da Afirka suke, ba ta da wurin zama ita kaɗai a jirgi. Kowane zaɓi da wanda yake bari a bakin gaɓa.

Na san abokanka za su ce maka ai Moth ne makoma. Shi ne wanda ke tashi sama da ruwa a kan fukafukan kabon, yana iya haura not 30, wato sama da kilomita 55 a awa. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ajinsa a buɗe yake, kowa na iya sabunta ƙira, jirgin bana ya doke na bara, kuɗinsa kuma ya ninka na ILCA sau da yawa, ka kai shi Olamfik ka mayar da gasar ta injiniyoyi. WASZP da Andrew McDougall ya fito da shi a 2016 ƙira ɗaya ne kuma ya fi sauƙin kuɗi, matasa na rububinsa, sai dai bai bazu a duniya kamar ILCA ba tukuna. Ka kuma lura da waɗanda suka riƙa cin gasar duniya ta Moth, Paul Goodison sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, Tom Slingsby a 2019 da 2021, dukkansu zinaren Laser suka fara ci a Olamfik, ɗaya a 2008 ɗaya a 2012. Jirgin da ba ya gudu shi ke koya maka dabara, tunda mita ɗaya sai ka yi gumi kafin ka ƙwace ta.

Toh kai kuma fa. A Los Angeles 2028 ILCA 7 ne kaɗai jirgin namiji shi kaɗai. Ka je a auna maka kitsen jiki tsakani da Allah, in akwai kilo bakwai ko takwas da za su tafi ba tare da ka taɓa tsoka ba, wato ka sauko wajen 85 kana cin abincinka lafiya, to ka zauna a ILCA 7, tsawonka zai yi maka aiki ranar iska, kuma akwai guraben da ake ware wa kowace nahiya a gasar neman cancanta, na Afirka ba su kai na Turai cunkoso ba, sai ka nemi hukumar wasan ta gida tun yanzu ka yi rejista don ta hannunta ake shiga. In kuwa 93 ɗin nan ƙashi ne da tsoka, don Allah kada ka yi abin da yaron nan nawa ya yi. Finn bai mutu ba, Kofin Zinarensa da ake yi tun 1956 yana nan, gasarsa ta dattawan 'yan wasa ta taɓa tara jirage sama da 300, kuma tun da ya bar Olamfik na hannu masu kyau sun shigo kasuwa. A dokarsa in iska ta haura not 10 ana ɗaga tuta a sakar maka ka yi ta fizgar ƙyalle da ƙarfinka iska na bayanka, a nan mai jiki irin naka ke jin daɗin duniya. Akwai OK Dinghy da Knud Olsen ya zana a 1957, tsofaffin 'yan Finn da Laser da yawa sun koma can, gasarsa ta duniya ba wasa ba ce. Akwai Aero mai babban ƙyalle na 9, akwai Contender in kana son rataya a waya. Allon iQFoil, wato allo mai ƙyalle da ake tuƙawa a tsaye, da na lema ma yanzu masu nauyi ne ke cin su a Olamfik, amma wannan wata sana'a ce daban, sai ka koma ɗan koyo.

Kafin ka kashe ko fam ɗaya ka zagaya kulob-kulob ɗin da ke kusa da kai ranar Lahadi ka ƙirga wane aji ne ke fitar da jirage ashirin a layin farawa, don jirgi mai kyau da kai kaɗai ke da shi a tafkinku ba zai koya maka komai ba. Weymouth ba ta da nisa da kai, a can aka yi tseren Olamfik na 2012 kuma ana yawan yin manyan gasa, ka je ka roƙi wani mai Finn ya ba ka aro na awa ɗaya ranar da iska ta kai not 15, sannan ka hau ILCA 7 a wannan ranar dai, ka rubuto min yadda cinyoyinka da bayanka suka ji a kowanne.